Hajja Ikilima da Jirgin Sawakin

Ranar da na fara haɗuwa da Hajja Ikilima faɗa muka yi, a kan daddawa kuwa.

A shekarar 1996 ne, ba mu daɗe da zuwa Madina ba ni da maigidana Jibril. Shi yana koyarwa a jami'a, ni ina aikin haɗa magunguna a wani asibiti, mun kama haya a unguwar Sih. Kwaɗayin miyar kuka ya hana ni sukuni, sai wata abokiyar aikina ta ce ai akwai wata tsohuwa a ƙarshen layinmu da ke sayar da kayan miya irin na gida a soronta. Na je na tarar da ita tana zuba Larabci da wata maƙwabciya, har na ɗauka ba ta jin komai sai shi. Na ɗauki daddawar na shinshina, na ce a ƙasan maƙoshina, da Hausa, wannan ba ta kama ƙafar ta Zariya ba.

"To koma Zariyar mana," in ji tsohuwar, ko juyowa ba ta yi ba. "Wa ya ɗaure ki?"

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata. Ta fisge daddawarta ta mayar cikin kwano, ta ce ba za ta sayar mini ba, in dawo gobe bayan azahar in ci miyar da aka yi da ita, sannan in sake buɗe wannan bakin. Na dawo. Na ci har na suɗe kwano, ita kuwa tana zaune tana kallona tana kaɗa mafici. Daga ranar na zama 'yar Zazzau a bakinta, sunana Sakinatu kuwa ban taɓa jin ta faɗe shi ba.

Gajeruwa ce, baƙa, mai ƙaramar murya da kaifin harshe. 'Yan unguwa suna ce mata Ummu Walid, da sunan babban ɗanta. Ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma Hausarta ta fi tawa tsufa da nauyi, irin wadda rabona da jin ta tun kakata na da rai. Da na tambaye ta ita 'yar ina ce, sai ta miƙe wuya ta ce, "'Yar Sawakin." Na ce ban san shi ba. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce duk karatun nan da aka ce na yi ashe na banza ne.

To na san shi daga baya, har ya ishe ni, don ba a zama da Hajja ba a je Sawakin ba.

Ɗan tsibiri ne a gaɓar Sudan, a bakin Bahar Maliya, kewayayye kamar faifai. In ji ta, kafin ka gama tauna goro ɗaya ka zagaye shi da ƙafa. Wata siririyar hanya ce ta haɗa shi da tudu. A kan tsibirin attajirai suke, mutanen Jidda da Hadaramautu da Masar, cikin benayen da aka gina da farin dutsen da ake yankowa daga cikin teku. Tagogin katako masu ado sun leƙo kan lunguna, matan gidan na zaune a bayansu suna ganin kowa, ba mai ganinsu. A tudu kuwa, wurin da ake kira Gef, talakawa ne. Akwai Hadandawa masu raƙuma da ke kawo nono, akwai kuma mutanenmu na yamma cikin bukkokin tabarma, waɗanda suka tako daga Kano da Katagum da Gobir da Damagaram don su sami jirgin da zai tsallakar da su zuwa aikin hajji.

Ita ba ta ga zamanin arzikin garin ba, labarinsa ta ji. Tun kafin a haife ta Turawa suka gina sabuwar tashar jirage a arewa, Bur Sudan, manyan jirage suka koma can, attajirai suka bi su ɗaya bayan ɗaya, suka kulle benayen suka tafi. Shi kuwa dutsen teku, in ba a shafa masa farar ƙasa a kai a kai ba, gishiri da iska ne ke cinye shi. Sai ta tashi ta tarar da garin yana faɗuwa a hankali. Ana cikin daka sai a ji rugum, ƙura ta tashi, wata ta ce, "Gidan wane ne ya zauna," a ci gaba da daka. Maguna suka gaje gidajen, manya-manya, ba sa tsoron kowa. Mutanen garin sun ce ba duka ne maguna ba, don haka in kana cin kifi ɗaya ta zo ta zauna a gabanka, sai ka ba ta kan kifin ka ce mata sannu. Na yi dariya da ta faɗi wannan. Ta ce in yi ta yi, ai ban taɓa haɗa ido da magen Sawakin ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ta ce kowa a Gef gobe zai tafi. Ba mai dasa itace, ba mai gina ɗakin ƙasa, don me, ai jirgi ake jira. A haka aka haifi mutane, suka girma, suka yi aure, suka aurar. Mahaifinta mutumin Katagum ne, ya baro gida da amaryarsa a ƙafa, suna tafe suna noma a gonakin mutane har suka iso bakin ruwa. Guzuri ya ƙare, ya kama sana'ar ga-ruwa, yana ɗebowa daga rijiyoyin bayan gari yana kai wa gidajen tsibiri, don tsibirin ba shi da ruwan sha ko na kurkure baki. Ya mutu yana cewa baɗi. Mahaifiyarta ma haka. Hajja takan ce kaburburansu na can suna kallon ruwan da ba su tsallaka ba, sai ta shiga gyara zaman kwanonin da ba su karkace ba.

Ita dai ta tsallako, da mijinta Issoufou, wani Badamagare, a farkon shekarun 1950. Yadda aka yi suka tsallako ne ba ta faɗa. In na tambaya sai ta ce, "Mun dai zo," ta kawo wata maganar. Suka yi hajji, suka wuce Madina suka zauna. Shi ya yi aiki a gonakin dabino na Jurf har ƙarfinsa ya ƙare, ya rasu kafin zuwanmu. Ita ta yi wankau, ta yi daka a gidajen mutane, ta sayar da gyaɗa da ƙuli-ƙuli ga alhazai a lungunan da yanzu duk an rushe su an shigar da su cikin harabar Masallacin Annabi. Suka zama 'yan ƙasa. Walid ya zama malamin makaranta, ƙanwarsa Khalida ta yi aure a unguwar Khalidiyya. Dukansu suna jin Hausa, amma in ka yi musu sai su mayar maka da Larabci, abin da Hajja ke kira rashin kunya da ilimi.

Abin da matar nan ta yi mini ba zai faɗu duka ba. Ita ta nuna mini ƙofar da mata ke shiga ziyara da lokacin da cunkoso ke raguwa. Ita ta koya mini yadda ake mayar wa mai shago magana ba tare da an yi zagi ba. Da na yi ɓari a shekararmu ta biyu, uwata na can Zariya, Hajja ce ta hau benenmu da gwiwoyinta masu ciwo, ta dama mini kunun kanwa, ta gasa mini jiki, ta kori Jibril zuwa masallaci don ya cika tsayuwa a kaina yana tambayar me zai yi. Da na haihu daga baya, a hannunta aka yi wa jaririyar wankan farko. Ban taɓa gode mata ta bar ni na ƙarasa ba. Sai ta ce in rufe mata baki, haka ake yi wa baƙo.

Wajen shekarar 2004 gigin tsufa ya fara taɓa ta. Da farko gishiri take zubawa sau biyu a miya. Daga nan ta fara kiran Khalida da sunan wata ƙawarta da ta mutu tun a Sudan. Sai Larabcin Madina ya zube daga bakinta kamar ba ta taɓa yin sa ba, Hausa kaɗai ta rage. Khalida ta dawo gidan da zama don ta kula da ita. Wata ranar Juma'a ta hau wurina, idanunta sun yi ja.

"Ya Daktora, ta'abna, wallahi mun gaji," in ji ta. Haka suke kirana, ko da yake na sha gaya musu ni ba likita ba ce. "Ummi kullum tana ɗaure kaya, tana zama a bakin ƙofa. Mu in mun yi magana ba ta amsawa. Ki zo ke, ta'ali, ki ji me take so."

Na sauka na same ta a soro, ta ƙulle zannuwanta cikin ɗankwali ta ɗora a cinya. Na gaishe ta. Ta dube ni da fara'ar da ba ta taɓa yi mini ba tana da lafiya, ta ce, "Maraba da baƙuwa. Daga ina?"

"Daga Zariya, Hajja."

"Kai, kun sha hanya. Kada ki ce mini Hajja, ban je ba tukuna. Zauna, jirgi bai zo ba."

Nan na gane. A ranta tana Gef, matashiyar matar aure, tana jiran jirgi. Shekara hamsin da ta yi a Madina sun goge. Matar da ta binne mijinta a maƙabartar Baƙi'a, wadda ta yi sallah a Masallacin Annabi har ba ta san iyaka ba, ga ta zaune a tsakiyar Madina tana tsoron za ta mutu ba ta ga Madina ba. Ta kama hannuna ta ce, "Baba ya mutu a nan, Inna ta mutu a nan. Ni ma jikina ya fara gaya mini. Ki taya ni addu'a kada a binne ni a wannan gefen." Na fita waje na yi kuka mai isata, sannan na yi wa Khalida bayani.

Muka yi abin da kowa zai yi, muka gaya mata gaskiya. Ta ce mu ji tsoron Allah. Walid ya fi kowa shan wahala, don shi ta mayar dillalin jirgi. Da ya shigo sai ta taso masa.

"Kai, maƙaryaci, yau ma babu?"

"Ummi, ana Walid, ɗanki. Nan Madina, wallahi Madina."

"Ji shi. Wa ya haife ka? Kullum gobe, kullum gobe."

Mutum mai furfura a gemu, shugaban malamai a makarantarsu, sai ya tsaya kamar yaron da aka kama da satar nama, ya juya ya fita.

Shi ya ce a kai ta Harami, wato Masallacin Annabi, ta gani da idonta, magana ta ƙare. Muka sa ta a mota, muka tura ta a keken marasa lafiya har cikin haraba, ga koriyar ƙubba a gabanta. Ta kalla sau ɗaya, ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Ta ce ita ba a yi mata wasa da wannan wurin. Ba ta hau ruwa ba, ta yaya za ta iso? Duk wanda ya shirya wannan abin don ya ruɗi marainiya, shi da Allah. Ranar ko ruwa ba ta karɓa daga hannunmu ba. Daga nan cin abincinta ya ragu, ta fara ramewa, likitan da ke duba ta ya ce zuciyarta ta raunana, mu yi abin da za mu yi mata na jin daɗi.

Ni na ji haushin kaina, na ji haushin magungunan da nake jerawa a asibiti, babu ko ɗaya da zai amfane ta. Jibril ne, da ba ya cika sa baki a harkar mata, ya ce da ni muna cin abinci, "To ba ruwa ta ce ba ta hau ba? Ku hau da ita mana. Yanbu da ke bakin teku ai ba nisa." Na ce masa wannan maganar yara ce. Da safe na je na faɗa wa Walid ita a matsayin shawarata.

Walid ya sami wani masunci a Yanbu ta hannun abokinsa, mai ƙaramin jirgin inji, ya yarda zai zaga da mu ya sauke mu a wani wurin daban. Muka tafi ranar Alhamis, ni da Khalida da Hajja a baya, Walid na tuƙi. Tun kafin a ga teku ta ɗaga hanci ta ce ta ji warin gida. Da muka tsaya a bakin ruwa, ga jirgi yana lilo, ga masuncin yana ɗaga mana hannu, fuskarta ta yi haske har na ce a raina an gama. Walid ya buɗe ƙofa ya miƙa mata hannu, ya haɗa 'yar Hausarsa ya ce, "Jirgi ya zo. Yalla, tashi."

Ta riƙe kujerar gaba da hannu biyu. "Ba zan hau ba."

"Leish, ya Ummi? Don me?"

"Ban miƙa ba."

Muka dubi juna. Khalida ba ta san zancen ba, Walid ya buga tafin hannunsa a kan motar ya tafi can gefe ya tsaya. Ni na shiga na zauna kusa da ita, na ce, "Ni baƙuwa ce, ban san al'adar garin nan ba. Me ake miƙawa?"

Ta yi tsaki irin na da, har na ji daɗi. Sannan ta yi mini bayani dalla-dalla, kamar mai koya wa yaro alwala. A layin bukkokinsu, in ji ta, mace ba ta hawa jirgi sai ta miƙa. Za ta wanke tukunyarta tas, ta nemo macen da ta fi kowa sabon zuwa, ta damƙa mata tukunyar da bukkar. Ta gaya mata rijiyar da ruwanta ba shi da zartsi, da gidan tsibirin da ake ba mai daka abinci, da gidan da ba a shiga. Ita kuma baƙuwar ta ce ta karɓa, ta sallame ta. Tukunyar da ke hannunta ta Innarta ce, Innar kuma wata Bagobira ce ta miƙa mata ranar da suka sauka ba su da ko cokali.

"To ga shi Issoufou ya zo yana ta jan hannuna," in ji ta. "Wai mai jirgi ya ce yanzu ko a fasa, ba a gaya wa kowa. Tuwo na kan wuta. Na ce bari in sauke, ya ce babu lokaci. Ya zan bar tukunyar Inna a kan wuta? Wadda za ta zo bayana da me za ta dafa?"

Ashe haka suka tsallako. Ashe abin da ya sa ba ta faɗa ke nan. Ta bi mijinta da gudu ta bar tukunya a kan murhu, ta zo ta haifi 'ya'ya, ta ga jikoki, abin yana nan a ƙasan ranta. Da komai ya zube, shi ya rage.

Na fita na gaya musu. Khalida ta sa hannu a baki. Walid ya ce a je kasuwa a sayo sabuwa, Khalida ta ce masa wace sabuwa, tukunyar da ke kan wuta aka ce. Ta tafi wurin masuncin, ta dawo da wata tukunyar dalma da yake dafa shinkafa a cikin jirgi, baƙa ƙirin, ga ƙanzo a gindinta. Bawan Allah bai ma tambayi dalili ba.

Muka shimfiɗa tabarma a inuwar motar, muka zaunar da ita. Na san halinta, tana iya cewa wannan ba tata ba ce ta watsa mana ita. Ta karɓa, ta juya ta, ta leƙa ciki. Ta ce, "Kun gani ko? Ya kama." Ta ɗebi yashi da hannunta ta fara dirza. Khalida ta sunkuya za ta taya ta, ta buge mata hannu. Matar da cokali ke faɗuwa daga yatsunta ta zauna ta dirji tukunyar nan ciki da waje, tana haki, muna zuba mata ruwa, rana tana hawa, ba wanda ya ce ta yi sauri. Sai da dalmar ta fito fari sannan ta ɗago ta dube ni.

"Ke, daga ina kika ce?"

"Daga Zariya."

"Matso."

Na durƙusa a gabanta. A hanya na yi ta tunanin ko yaudarar tsohuwa muke yi, ko Allah zai tambaye mu. Da na durƙusa sai tunanin ya tafi, don babu ƙarya ko ɗaya a bakina. Daga Zariya nake, baƙuwa ce ni, kuma matar nan ce ta karɓe ni.

Ta ɗora mini tukunyar a hannu, ba ta saki ba. Ta ce in riƙa ɗiban ruwa a rijiyar can ciki, ta kusa da hanya zartsi ne da ita. Ta ce gidan Bahadarme, mutumin Hadaramautu, mai koriyar ƙofa suna da kirki, uwargidan tana ba da shinkafa, amma kada in yarda in yi daka a gidan da ke kusa da kwastan. Bukkar tana yoyo ta gabas, in sa tabarma biyu. In Hadandawa sun kawo nono in ɗanɗana kafin in karɓa. Ta ce kabarin Baba da na Inna suna bayan ganuwa, in na wuce in yi musu sallama, ba su da kowa yanzu. Sannan ta ce, "Kada ki ce gobe za ki tafi ki ƙi zama da mutane. Zauna da su. In naki jirgin ya zo, ki wanke ki ba wata."

Na tsaya ina kallon tukunyar. Ta girgiza tukunyar. "Ke kurma ce? Ki ce kin karɓa."

"Na karɓa. Allah ya tsallakar da ke lafiya."

"Kin sallame ni?"

"Na sallame ki."

Ta saki. Ta juya wajen Walid ta ce, "Kai, dillali, zo ka ɗaga ni. Yau dai ka yi gaskiya." Ya zo ya ɗauke ta cak kamar jaririya, hawaye na bin gemunsa, ya shiga ruwa har gwiwa ya sa ta a jirgi.

Ni ban hau ba. Wadda aka miƙa wa ba ta bin jirgi, wannan ko ba a gaya mini ba na sani. Na tsaya a gaɓa da tukunya a hannu ina ɗaga mata hannu, ita ma tana ɗago mini, har suka yi nisa. Abokin Walid, da ya tarye mu a can, ya zagaya da ni a motar zuwa inda za su sauka. Khalida, da ta bi su, ta ce mini a cikin jirgin Hajja ta sa hannu a ruwa, tana kallon gaba. Da suka sauka na koma kujerar gaba na ja mayafina, kada ta gan ni ta ce na bar bukka ba kowa.

Ta yi barci a hanya, muka wuce Badar ba ta sani ba. Ni dai addu'a nake kada ta farka ta manta, mu koma gidan jiya. Ta farka muna shiga gari, la'asar ta yi sanyi, hasumiyoyin masallaci sun fito a gabanmu. Ta dafa kafaɗar Walid ta baya.

"Wancan fa?"

"Madina," in ji shi, a hankali, kamar mai tsoron kalmar.

Ba ta rufe fuska ba. Ta ce, "Alhamdu lillahi," ta sake cewa, ta sake, har muka tsaya.

A haraba muka kawo keken, ta ce a mayar, ba za ta shigo wurin nan a zaune ba. Ta tuɓe takalmanta ta miƙa wa Khalida. Walid ya riƙe ta ta dama, Khalida ta hagu, ni ina biye, tana jan ƙafa a kan farin dutsen, mutane suna kauce mata. Da ta zo inda ake ganin ƙubbar sosai sai ta tsaya, ta zare hannuwanta daga nasu, ta gyara mayafinta. Ta yi sallama ga Annabi da ƙaramar muryarta, yadda Innarta ta koya mata a bukka. Sannan muka ji ta ƙara da Hausa, cikin ladabin da ban taɓa jin ta yi wa kowa ba.

"Ikilima ce, 'yar mai ruwa, daga Sawakin. Baba da Inna sun ce a gaishe ka, su ba su samu zuwa ba. Ni ma na makara, a yi haƙuri. Jirgi ne bai zo da wuri ba."